Simintin da Na Shafa wa Soron Inna

Ƙofar 'Yandaka, Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki da kika sauka wurinta a Abuja da duk mutanen gidanta. Yaya baƙunta, yaya zirga-zirgar neman takardu? Allah ya sa a gama lafiya. Allah ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a sama ranar da jirginku zai ɗaga, ya haɗa ki da mutanen kirki a can inda ba mu da kowa sai Shi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Kakarki Inna ta ce in gaishe da takwararta, in kuma ja mata kunne kada ta dawo mata da miji mai jan kunne, don ita ba ta jin yarensu balle su yi wasan jika.

Mamanki ta ce me zai hana in yi miki saƙon murya kamar kowa. Na ce murya iska ce, takarda kuwa kina iya ninke ta ki sa a jaka. Kin ma san ni da waya, daga “kina lafiya?” sai “to madalla”, sai in miƙa wa mamanki. Da biro a hannu ne kawai bakina ke buɗewa.

Za ki tafi ƙaro ilimi a kan zanen gine-gine da tsara birane, musamman irin ginin da kika ce ba ya cinye wuta, ba ya cutar da ƙasa da waɗanda za su zo bayanmu. Ni kuwa ubanki na tsufa ina sayar da siminti da kwanon rufi a bakin Babbar Kasuwa. Wato abin da za ki je koyon gyarawa, da hannuna dumu-dumu wajen ɓata shi. Saboda haka ba wa'azi zan yi miki ba. Wautata zan zayyana miki, ki tsinci abin tsinta, sannan ina da tambayoyi da nake so ki tafi mani da su, don tun da kika fara wannan karatu son sani ya hana ni sakat.

Kin tuna ranar da kika nuna mani hotuna a wayarki, wata makaranta da wani masaukin baƙi da aka gina da jar ƙasa a ƙasashen waje, manyan mutane suna tsaye gabansu suna washe baki? Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ce miki wannan ai tubali ne, sabon suna kawai aka raɗa masa. Dariyar ba ta kai ciki ba, Ummi. Rabin rayuwata na yi ina gaya wa mutane cewa ginin ƙasa alamar talauci ce, kuma sun yarda da ni.

Ke ba ki san gidanmu yadda yake da ba. Zaure ne babba da dakali a ƙofa, ka wuce shigifa, ka faɗa tsakar gida mai faɗi da itacen bedi a tsakiya, soraye kewaye da shi. Da kakanki Malam ya rasu gidan ya dawo hannuna, kasuwa kuma ta buɗe mani. Sai abokan kasuwa suka sa ni gaba da zolaya, wai ga mai sayar da siminti yana kwana cikin ƙasa kamar gara. Maganar ta ci mani rai fiye da yadda na nuna. Rani ɗaya na sa aka baje sorayen nan, aka tayar da ɗakunan bulo, aka buga kwano mai sheƙi, na kuma sa aka buɗe manyan tagogin gilas suna kallon yamma. Kin san dalilin yamma? Don can titi yake. So nake duk wanda ya wuce da la'asar ya ga gilas yana walƙiya ya tambaya gidan wane ne.

An kuwa tambaya, amma ba mu ji daɗin amsawa ba. Bazarar farko muka gane kurenmu. Kwano ya kwashi rana daga sama, gilas ya kwaso ta daga gefe, kafin la'asar sakaliya ɗaki ya zama tanderu. Fanka ba abin da take yi sai juya zafi, in aka ɗauke wuta kuwa sai kowa ya kama gabansa da mafici. Garin neman ƙiba muka samo rama. Don haka, ɗiyata, duk filin da aka ba ki, kafin ki ja layi ko ɗaya a takarda, je ki tsaya a cikinsa da hantsi, ki koma da azahar, ki sake komawa da la'asar. Ki ga ta ina rana ke duka, ta ina iska ke shigowa. Kada ki zana wa mutum gida don masu wucewa, su wucewa za su yi, shi za a bari da ɗakin.

Soro ɗaya ne ya tsira, na Inna. Ranar da masu rusau suka doso shi da diga, fitowa ta yi ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da carbinta. Kin san ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, “Kai wanga, ka rushe naka in ka so. Ɗakin ga nan anka kawo ni, nan za a hid da ni.” Na yi lallashi, na yi alkawarin tayil da silin, ta ce ta gode, a kai wa mai so.

Da na rasa yadda zan yi, sai na kawo dabarar da na ɗauka ta masu hankali ce. Na ce to a bar soron, amma a yi masa filastar siminti ciki da waje, a shafa fenti ya saje da sauran gidan. Na ce da ita daga yau an gama wahalar yaɓe, ba sauran kwaɓa ƙasa kowace shekara kafin damina. Ta zagaya ɗakin bayan an gama, ta shafa bangon da tafin hannunta ta ce, “Ka sa ma ɗakina rigar leda, mai siminti. Gumi za ya kashe shi.” Na ɗauka rigimar tsufa ce. Tun daga ranar ta laƙaba mani mai siminti, har yau kuma bai sake ni ba.

Abin kunya, duk da rigar ledar, nan ne kaɗai wurin da ake iya zama a gidan da tsakar rana. Ke kanki a ƙofar soron nan kika yi rarrafe, don can mamanki ke gudu da ke in zafi ya hana ki nono. Kin taɓa yi mani bayani cewa bango mai kauri yana haɗiye zafin rana ne a hankali, bai kai ga shigowa ciki ba rana ta faɗi. Na fahimta, amma ga tambayata ta farko. Kakanninmu ba su da na'urar awon zafi, to ta yaya suka san kaurin da ya isa? Wa ya fara gwadawa? Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka yi ta, tana tsaye tun kaka da kakanni, ni kuwa akwai katangar bulo da na sayar wa mutum kayanta, ba ta ga auren ɗansa ba. In malamanku sun san sirrin, ki rubuto mani da Hausar da zan gane.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ciwo, don ba a kaina kaɗai ta ƙare ba. Na sayi mota, ba wurin ajiyewa, sai na sa aka sare bedin tsakar gida, aka rushe zaure da dakalinsa aka kafa get na ƙarfe, aka malale tsakar gidan da kankare tun daga wannan bango har wancan. Mamanki ta ji daɗi da farko, ba laka, shara ta yi sauƙi. A wannan tsakanin ne kuma mu 'yan unguwa muka haɗu muka cike kududdufin bayan layinmu, wanda daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidajenmu duka. Muka ce matattarar sauro ce, kuma ba ƙarya muka yi ba. Aka cike shi da bola da ɓaraguzan gini, aka jera shaguna a kai, har da nawa guda.

Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwan sama zai je. Da, rabinsa tsakar gida ke shanyewa, saura ya gangara kududdufi. Yanzu ƙasa ta rufe bakinta, kududdufi ya zama shago. Ruwan kirki na farko da aka yi, duk abin da kwanona ya tara ya bi kankare ya fita ta ƙarƙashin get, ya miƙe lungu ya faɗa gidan maƙwabcinmu Baban Rifkatu, kafintan nan mutumin Kudancin Kaduna da kuke kai wa abincin salla, su kawo muku na Kirsimeti. Washegari ya zo ya yi sallama. Ya gaishe ni, ya tambayi Inna, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Alhaji, ruwan gidanka ya zo gaishe mu jiya, har cikin ɗaki. Na ce bari in zo in rama gaisuwa.” Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Na je na ga katifunsu a shanye bisa katanga, allunan aikinsa sun kumbura.

Na sa aka yi kwata ta kauce wa ƙofarsa. Kin san abin da kwatar ta yi? Ta kai ruwan gidan gaba. Mai wannan gidan shi ma ya ɗaga dokin ƙofarsa ya tura wa na gaba da shi. Haka muke har yau a layin nan, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa. Ki riƙe wannan, Ummi. In kin zana gida ko unguwa, ki bi ruwan da ƙafarki tun daga indararo har inda zai kwanta, ki ga ƙofar wa zai bi. In ba ki ba shi masauki ba, zai nemi na wani. Kuma in kin tarar da itace a fili, ki ɗauke shi a matsayin wanda ya riga ki zuwa, ki zagaye shi da zanenki. Bedin nan kakanki ya dasa shi kafin a haife ni, masu sara kuwa ko azahar ba su kai ba.

Zauren ma na yi kewarsa ta inda ban zata ba. Da, in na fito bayan la'asar, ba na rasa mutum a dakali. Nan ake jin wane ba lafiya, wane ya samu ƙaruwa, nan ake kashe rigima tun tana ƙarama. Da get ya zo, sai mai son ganina ya tsaya a rana yana bugun ƙarfe kamar mai bin bashi. A hankali aka daina zuwa. Akwai dattijon layinmu da ya yi jinya har ya rasu, ban ji ba sai da aka yi sallama da ni zuwa jana'iza. Shi ya sa nake mamakin sababbin unguwannin da ake yankawa bayan gari, katanga doguwa, waya mai ƙaya a sama, titi fetal ba inuwa. Ina tsoho zai zauna? Ina mai ƙosai za ta kafa kaskonta? A karatunku ana ware wa zaman hira wuri, ko sai motoci kaɗai ake lissafawa? Wannan ma ki tambayo mani.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa komai na da shi ne daidai. Ki kiyayi wannan, don na lura 'yan boko in suka ƙaunaci abin gargajiya sukan wuce mu da muka rayu a cikinsa. Ginin ƙasa yana da gara, yana da kunama, in aka yi sakaci da shi damina ɗaya yana iya danne mutane. Lungunan Gobarau da kike yabo saboda inuwarsu, ranar da mamanki ta tashi haihuwarki a gidan iyayenta mota ba ta iya shiga ba, sai riƙe ta aka yi har bakin titi tana cije leɓe. Mutane ba hauka ya sa suka guji ƙasa ba, sun gaji da aiki ne, sun kuma gaji da raini. In kin dawo kada ki zauna a ofis mai esi kina ce wa talaka ya koma soro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki tambaye shi kafin ki ba shi magani. Abin da nake son sani shi ne, ana iya auren biyun? Kin ce akwai injin da ke matse ƙasa ta zama bulo mai ƙarfi. Tana ɗaukar bene? Ana iya yi mata gindi da dutse da siminti don kada ruwa ya ci ƙafarta, a bar sama tana shan iska? Rufin soro zai ɗauki faifan sola? In amsar e ce, to ina da shago, kuma ban tsufa da sauya haja ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro, don ba a gaya miki komai a waya ba, ni na hana.

Kin tuna ana saura kwanaki ki tafi, kika tsaya jikin soron Inna kina ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa? Kika kira ni kika ce in saurara. Wani wuri ya amsa da ƙarfi, wani wurin ya yi ƙara kamar ganga. Kika ce, “Baba, simintin nan ya rabu da ƙasar. Damshi yana hawowa daga ƙasa, ya rasa ta inda zai fita, yana cin bangon daga ciki. A duba shi kafin ruwa ya sauka.” Inna tana daga ciki ta ce, “Gaya mashi dai, takwara. Ni na hwaɗi tun ba a haihe ki ba.” Na ce to, to, za a duba, irin to ɗin da kika sani.

Bayan tafiyarki da 'yan kwanaki, mamanki na shara da safe sai wani ɓangaren filastar ya ɓallo daga gindin bangon gabas ya faɗi gabanta. Abin da ke bayansa ba bango ba ne, ƙasa ce jiƙaƙƙiya, ina tura yatsa yana shigewa. Shekara da shekaru uwata tana kwana a nan, ni kuma ina alfahari na raba ta da wahala.

A ranar muka mai da ita ɗakin bulo na kusa da nawa, ba da son ranta ba. Ummi, bazarar bana kin san yadda ta yi. Cikin mako guda Inna ta zama wata daban. Abinci ya fita ranta, ƙuraje suka feso mata a wuya da baya, ƙafafunta suka kumbura. Na sa esi, in akwai wuta ya sa ta tari da ciwon gaɓoɓi, in babu wuta ɗakin ya koma gidan jiya. Likita ya ce a yawaita ba ta ruwa, a kuma nema mata wuri mai sanyi, don zafin nan ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai shekarunta. Ta daina zolayata, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya ce, “An gyara?” Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. In ruwa ya sauka a kan bangon nan yadda yake, soron ya tafi, kuma zuciyata ta ba ni in ya tafi ba za ta daɗe a bayansa ba.

Baffanki ya ce a daina wahala, a ture shi a yi mata na bulo da silin mai kyau. Ban ga laifinsa ba, maganar da na koya masa ce yake mayar mani. Na ce a ba ni kwana kaɗan. Na shiga neman maginin ƙasa a garin nan da aka gina da ƙasa, sai da na sha yawo kafin a kwatanta mani wani Malam Audu a wajen Gobarau. 'Ya'yansa duk sun koma aikin bulo, ya ce mani, don ba mai kiran su. Ya duba bangon ya ce ba zai iya cewa komai ba sai an kware simintin duka. In ruɓar ta tsaya a gindi, ana iya yi masa sabuwar ƙafa. In ta hau sama, sai haƙuri.

Sai kuma ƙasar yaɓe. Ina za a samo? Kududdufin da ya haifi soron yana ƙarƙashin shagona. Sai da aka yi mana tifa daga bayan gari, ni da na cike na ƙofar gida da hannuna. Aka zuba ta a kan kankaren tsakar gida, aka haɗa da ciyawa, aka jiƙa aka bar ta ta tsima.

Ni na fara ɗaukar guduma. Na ce ni na sa rigar, ni zan tuɓe ta. Baban Rifkatu ya jiyo bugu ya leƙo, ya koma ya ɗauko tsaninsa, ya hau ya bi azarorin rufin ɗaya bayan ɗaya yana sokawa da ƙusa, ya sauya waɗanda gara ta taɓa. Da na buɗe get don a shigo da ruwa, sai na bar shi a buɗe, mutanen layi suka yi ta shigowa kallo, mai kallo kuma ya zama mai miƙo kwanon laka. Kafin azahar abin ya zama gayya. Mamanki da Maman Rifkatu suka dama kunu. Ubanki kuwa ya naɗe wando har gwiwa ya shiga cikin laka yana tattakawa. Wani abokin kasuwata ya zo wucewa ya tsaya ya riƙe baki, ya ce, “Alhaji, in masu sayen siminti sunka gan ka haka, mi za mu ce masu?” Na ce ya ce masu hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya tuɓe takalmi ya shigo.

Allah ya taimake mu, ruɓar ba ta wuce gwiwa ba. Daga nan zuwa sama bangon yana nan da ƙarfinsa. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Da babban falle na simintin ya faɗo daga bangon da ke gefen ƙofa, sai ga yaɓen ƙarshe da aka yi kafin in rufe shi, da sawun yatsu a jere, layi bisa layi, kamar jiya aka yi. Kin san yaɓe da tafin hannu ake shafe shi. A kowane sawu, ƙaramin yatsa ya karkace waje. Kakanki Malam ya taɓa karyewa a wannan yatsa yana yaro, ya warke a karkace. Na ajiye gudumar a ƙasa.

Ban san wa ya gaya wa Inna ba. Sai ga ta an riƙo ta, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ɗora hannunta a kan sawun ta ce, “Wanga hannun Malam ne.” Na ce da Malam Audu ko za a bar wannan wurin haka, a kewaye shi, don kada a rasa. Ya ce in an bar shi a buɗe ruwan bana zai wanke shi. Ina cikin tunanin ko gilas zan sa a rufe, kin ji halin nawa bai sake ni ba, sai Inna ta juyo ta dube ni, ta ce, “Ɗebo ƙasa ka ruhe shi. Shi ma na ubanshi ya ruhe. Haka nan aka yin ɗaki.”

Na ɗebo, na ɗora hannuna a kan hannun ubana na shafe. Na yi kuka a gaban mutanen layi, ban kuma ji kunya ba. A nan na gane abin da na yi ta sayarwa shekarun nan. Ina ce wa mutane ga ginin da ba zai sake neman kowa ba, su kuma suna murna. Shi kuwa soro kowace shekara sai ya tara 'ya'yan gida da maƙwabta, in ba su zo ba ya faɗi. Ni na ɗauki wannan a matsayin aibinsa. Ki tambayo mani malamanku ko suna da suna ga irin wannan, don ni ban san a wane babi za a sa shi ba.

Aka yi wa bangon sabuwar ƙafa, aka yaɓe shi ciki da waje, aka bi rufin da makuba don kada ruwa ya ratsa shi, aka gyara indararo. Na kuma sa an fasa kankaren tsakar gida daga tsakiya, mun dasa ɗan bedi, bai fi tsawon ƙaninki Auta ba. Ba ni zan sha inuwarsa ba, na sani. Da ɗakin ya bushe muka mai da Inna. Kwana biyu tsakani ruwan farko ya sauka da rana tsaka, mai ƙarfi. Na tsaya a ƙofar soron ina kallon indararo yana zuba, ina shafa bango ta ciki, ko ɗigo babu. Da na waiwaya, Inna ta yi barci a kan gadonta, bakinta a ɗan buɗe, irin barcin da rabonta da shi tun da muka fitar da ita. Da ta farka ta ce a dama mata fura, ta shanye, ta dube ni ta ce, “Mai siminti, ashe kana da amfani.”

Jiya na gaya mata zan rubuto miki, na ce ko tana da saƙo bayan na miji. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga shi: “Ki tahi ki koyo abin da za ki koyo, takwara, ba mu hana ki ba. Amma yaɓen baɗi naki ne. Hannun ubanki na nan bisa bango yana jiran a ruhe shi. Ki zo kahin ruwa, ko ina nan ko ba ni nan.”

Ban gyara ba. Na san karatu ba wasa ba ne, na san hanya da nisa, ba zan kuma ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki ba. Amma zan sa a kawo ƙasar da wuri, in jiƙa ta ta tsima, in bar get a buɗe.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya tsare miki addininki da mutuncinki, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa duk ɗakin da za ki zana wani ya yi barci mai daɗi a cikinsa ya sa miki albarka. Ki riƙe salla, ki riƙe azkar, ki ci abinci ko da ba irin namu ba ne. Ki gaishe da gwaggonki da maigidanta da yara. Allah ya ja kwanan Inna, ya kai mu yaɓen baɗi gaba ɗayanmu. Amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
mai siminti.